Ƙanshin Tsawa a Garke

Ranar Laraba Goshi ta harbe ni.
Shekara shida ina tatsarta a bayan gidanmu na Dadin Kowa,
ba ta taɓa ɗaga mini ƙafa ba.
Na shafa hantsar, ɓangaren hagu na baya:
zafi kamar dutsen guga,
tauri kamar ɗanyar gwanda.
Abin da ya sauka a ƙwarya ba madara ba ce,
tsararo ne, da gudaji, da zaren jini.

Na san hanyar, bara ma na bi ta.
Kemis na bakin kasuwa, kwalba mai kalar zuma,
allura kwana uku,
sannan a yi ta zubar da tatsa,
kana kallon fari yana bin ƙasa
kamar ka wanke kuɗinka a kwata.

Bara ban zubar ba. Allah ya yafe.
Na kai wa Inna Dudu tun rana ta biyu,
ta dafa, ta zuba iri, ta rufe da faifai,
gari ya waye nono bai yi barci ba.
Ta zo har ƙofa da ƙwaryar a ka:
"Malam Sambo, me ka ɗura wa saniyarka
da ya kashe har tsamin kindirmona?"
Na rasa ta cewa.
Jikata ma ta sha a kunu.

Ita kanta allurar ta fara gajiya.
Abin da kwalba ɗaya ke kwantarwa a da,
yau biyu sai ya yi likimo,
ya dawo tare da ƙudan damina.

Da la'asar Dakta Yelwa ta sauko daga babur
da ɗan akwati kamar rediyon mahaifina,
da siririyar tukunyar iska a ɗaure a baya.
Ta ce, "Gwaji muke yi, ban ɗaukar maka alkawari ba.
Ozon sunanta.
Akwatin nan ƙaramar walƙiya yake yi a cikinsa,
ya wasa iska har ta yi kaifi.
Janye hancinka, ba ta huhu ba ce."

Na yi dariya. Ciwo a tsoka, magani a iska?
Kakana ya yi tofi a hantsa, aka ce ƙauyanci,
yau ga boko ya dawo da busawa.

Wuta ta ɗauke, kamar ta ji.
Muka jawo waya daga janareton mai walda.
Ta tatse ruɓar tas, ta goge kan nonon,
ta zura bututu siriri kamar tsinken tsintsiya.
Na rungume wuyan Goshi, ina kiran sunan uwarta.
Fatarta ta yi rawa sau ɗaya, ta tsaya.

Sai ƙanshin ya iso ni daga nesa.
Na san shi!
Shi ne wanda ke tashi a kan ruwan dam
bayan tsawar farko ta faɗi,
kafin ɗigo ya taɓa ganyen masara.

Kwana uku tana zuwa.
Ba ta bar ni na yi murna da wuri ba:
"Ta Jauro Bappa ba ta ji iskar ba,
sai da muka koma allura.
In Goshi ta bar kiwo, in jiki ya ɗau zafi,
ka kira ni ko tsakar dare ne.
Kuma ka wanke hannun nan kafin tatsa,
ka kwashe kashin da take kwanciya a kai.
Akwatina ba ya shara."

Wannan ta fi allurar shiga.

Rana ta huɗu hantsa ta yi laushi.
Ta ɗebi madarar a 'yar kwalba, ta rubuta lamba, ta tafi da ita Gombe.
Sai da ta bugo waya na kai wa Inna Dudu.
Da safe ta tsoma ludayi, ya tsaya da kansa.
Ba ta yaba ba. Ta dai ce in ƙaro gobe.

Ban san ko iskar ce, ko wankin hannu,
ko kwanan Goshi ne ke gaba.
Jiya hadari ya haɗo ta gabas,
ta bar dusa, ta ɗaga hanci sama,
ta daɗe a haka.